Sarki Tunau da Kiran Zaƙi-Banza

Masu tsaron labaran mutanen farko sun ce, tun zamanin da mutum da aljani ke cin kasuwa ɗaya ba wanda ya tsargu da ɗan'uwansa, an yi wani sarki a Birnin Zairana mai jar ganuwa da ƙofofin tagulla, ana ce da shi Tunau ɗan Bawale ɗan Jigo, dogo sambal, kakkaura, mai faffaɗan ƙirji da taushin zuciya, wanda in ya ɗaure fuska fada kan yi tsit, in kuwa ya yi dariya har masu tallar fura a bakin kasuwa sai sun ji a jikinsu. Sarauta gadonsa ce kaka da kakanni, amma ba a kan shimfiɗar sarauta ya yi rarrafe ba. Yana cikin zanen goyo aka ci garin da yaƙi, ya rasa uwa da uba a yini ɗaya, kakarsa Hakama, wadda ta haifi ubansa, ta saɓa shi a baya ta sulale ta wata kafar ganuwa, ba ta tsaya ba sai wani ƙauye da ko sunansa ba a sani ba a birni. Can ta rene shi, cikin shekarun da fari da fara suka yi ta karɓa-karɓa, ba gona, ba rumbu, ba dangi.

Abin da ya raya su kuwa shi ne abin da kowa ke takawa ya wuce. Da ruwan farko ya sauka sai Hakama ta ɗauki ƙwarya ta bi gefen hanya da bayan danga da bakin juji, ta tsinko tafasa, ta tsinko gasaya mai ɗaci wadda sai an zubar da ruwan dahuwarta na fari, ta haɗo da lalo don miya, in rani ya yi kuma ta bi yaɗiya inda ta nannaɗe ƙaya. Amma abin sonta shi ne wani ɗan ganye mai kama da alayyafo, mai laushi, marar ɗaci, wanda ba a shuka shi ba a yi masa ban-ruwa, mutane na kiransa zaƙi-banza. Takan dafa shi ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri ma ya wadatar, ta tura wa yaron gaba da irin wasan kaka da jika tana cewa, “Ci, maigida, ragon miji, kullum sai buɗe baki ba cefane.” Shi kuma ya ce, “Amarya ba haƙora, wa zai yi miki cefane?” Su yi ta dariya har su manta rabonsu da tuwo tun shekaranjiya.

Da Tunau ya zama cikakken namiji, mutanen Zairana suka kori azzalumin da ya danne su, suka nemo shi suka naɗa. Ranar da ya ga kakarsa ta shigo fada da tsohon zanenta, yatsunta sun rine da ruwan ganye, sai hawaye ya zubo masa a gaban hakimai, ya rantse wannan baiwar Allah ta gama cin ganye a duniya. Ya gina mata soro mai sanyi, ya sa kuyangi su riƙa kai mata alkaki da nakiya da zuma farar saƙa, da gasassun 'yan shila, da shinkafa mai iyo cikin man shanu. Wannan ma bai ishe shi ba, don ko ganin ganyen nan ba ya so, yunwar ƙuruciya yake tuna masa. Ya sa sankira ya zaga gari yana shela, “Sarki ya gaishe ku, ya ce daga yau kada a sake ganin ciyawar banza a ƙasarsa!” Aka tuge, aka ƙone, aka kwashe juji, aka daɓe lunguna da farin dutse. Zuciyarsa ba ta da laifi, Allah ya sani, kan ne ya yi masa gajeren tunani. Da rana ta take tsaka wata guguwa ta taso daga gabas, doguwa, baƙa ƙirin, ta bi gonaki da kufai da fadamu tana juyi, da ta wuce ba a sake ganin ko tsiron tafasa ba a faɗin ƙasar.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Talakawa, waɗanda da ganye suke tsallake tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna, suka shiga wani hali, amma tsoro ya hana su faɗa. Hakama kuwa ta soma ramewa a tsakiyar daula. Cikinta ya ɗaure, dasashinta ya kumbura, idonta ya dushe, akushi ya riƙa komawa yadda ya zo, masu magani suka yi iyakar ƙoƙarinsu abin sai gaba yake yi. Abin da ya fi tayar wa sarki hankali shi ne ta daina tsokanarsa, in ya shigo gaishe ta sai ta ce, “Allah ya ba ka nasara,” kamar wata baƙuwa. Rannan ya sallami kowa, ya tuɓe rawani ya zauna a ƙasa gaban gadonta, ya ce, “Kaka, don girman Allah ki gaya mini abin da ranki ke so, ko a bakin zaki yake zan ciro miki.” Ta daɗe tana kallon rufin soro, don ba ta son ta raina masa kyauta, can ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, “Kwaɗon zaƙi-banza, Tunau, ko loma ɗaya. In na samu ina jin zan tashi. In ban samu ba ka yafe mini, ba na jin zan ga kakar bana.”

Aka baza manzanni gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya dawo hannu rabbana. Sarki ya rasa inda zai sa kansa, ya fita shi kaɗai ta ƙofar baya, ya tafi inda babban jujin gari yake a da, wanda yanzu ya zama fili fari fat, sai ga wata tsohuwar akuya ƙanjamammiya, mai farin gemu da karyayyen ƙaho, tana kwance tana tuƙa, koren ruwa na zuba a gefen bakinta. Ya ce, “Ke kuwa ina kika samo ɗanyen ganye a ƙasar nan?” Bai yi zaton amsa ba, sai ya ji ta ce, “Ranka ya daɗe, sai yau ka ga damar tambaya? Ni jakadiyar Sarauniya Zabarjada ce, 'yar sarkin aljanun ƙarƙashin ƙasa, uwar duk abin da ke tsirowa ba a shuka ba. Ka kori bayin Allah da suka raya ka, ita kuma ta aiko guguwa ta kwashe su ta sauke a gidanta. In da gaske kake, kama ƙahona mai lafiyar ka runtse ido, kuma ka sani can ba wanda ya san kai sarki ne.” Tunau ya yi bismillah ya kama, ƙasa ta tsage ta haɗiye su.

Da ya buɗe ido ya gan su a ƙofar wani birni wanda ganuwarsa alkaki ce, daɓensa nakiya, magudanansa zuma ke gudu a ciki, ƙamshi ya cika ko'ina har yana hawa kai. Mutanen garin farare ne, jibga-jibga, luƙui-luƙui, suna kwance bisa alharini, ba mai iya tashi sai an kama shi, ba mai haƙori ko na rantsuwa. Sarkinsu ya aiko a ce wa baƙo ya sauka ya ci iya cinsa, ya kuma ɗebar wa majinyaciyarsa, don duk duniya ba inda ya kai nan zaƙi. Yunwa na cin Tunau, har ya miƙa hannu, sai ya dubi fuskar ɗan aiken, ya ga dusasshen ido da kumburarren dasashi irin na kakarsa sak. Nan take ya gane irin gidan da ya gina mata da hannunsa. Ya ce a yi wa sarki godiya, ya ja akuyarsa suka wuce, ita kuwa tana ta dariya ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffi.

Suka ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya, suka haye kogin da ke gudu sama, suka yi ta tafiya har takalman sarki suka tsinke ya yar, kafin suka iso wata ƙofa ta koren dutse wadda tsawonta ya wuce ganin ido. A bakinta wani ifiritu ke tsaye, baƙi wuluk, jajayen idanu, haƙora zaƙo-zaƙo, kansa na gogar gajimare, riƙe da rassa guda biyu masu kama da juna, kowanne da ɗan fure ruwan ɗorawa. Ya ce da murya kamar tsawa, “Ya kai bil'adama, ɗaya daga cikin waɗannan na ci ne, ɗaya ba na ci ba. Na damana sunansa rai-ɗore. Zaɓi wanda za ka dafa wa majinyaciyarka, in ka kuskure nan tafiyarka ta ƙare.” Mutumin da ya shekara ana gaishe shi da ranka ya daɗe, aka ce masa ga rai-ɗore, ga kuma kakarsa rai a hannun Allah, ai dole zuciyarsa ta karkata. Amma sai ya karɓi ganyen ya murza ya sansana, wani wari ya doki hancinsa, ya duba ya ga bakin ganyen tsini gare shi, na ɗayan kuwa a dakushe. Ya ce, “Wannan mai daɗin sunan na surace ne da wankan mai zazzaɓi, ba a kwaɗa shi. Ba ni na hagun, tafasa ce, da ita aka yaye ni.” Ifiritu ya yi wata ajiyar zuciya da ta kaɗa ciyayi, ya ture ƙofa da kafaɗa.

Sarauniya Zabarjada na zaune bisa karagar zumurrudu, kyakkyawa son kowa, doguwa, mai gashi har gadon baya, mai kwarjinin da ke sa harshe ya yi nauyi, dakarun aljanu sun jeru dama da hagu da takubba tsirara. A gabanta wani lambu ne shimfiɗe, an kewaye shi da azurfa, a ciki ga duk ganyayen da suka bar Zairana, kowanne a tukunyar zinariya, ana yi musu ban-ruwa da ruwan wardi. A gefen lambun kuma ga wasu kututturai jere, masu siffar mutane. Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi bai rage komai ba. Sarauniya ta ce, “Ya kai ɗan Bawale, baƙina ne waɗannan, ba bayina ba, ba na ba da su ba na hana su. Mu aljanu ba duk sunayen da kuke kiransu da su muka sani ba. Kira kowanne da sunansa, wanda ya amsa maka ya bi ka. Sai dai ka sani, duk wanda ya zagi baƙona a gabana kututture yake zama, ga 'yan'uwanka can ka gani.”

Ya matsa bakin lambu ya ce, “Tafasa!” Tafasa ta kaɗa ganyenta. Ya kira gasaya, ta amsa, ya kira lalo da karkashi da yaɗiya, duk suka yi rangaji, don su ba masu riƙo ba ne. Sai ya hango wanda ya zo dominsa can a tsakiya, a tukunyar da ta fi kowacce ado, ya yi laushi, ya sunkuyar da kai, ganyensa ya soma rawaya. Sarauniya ta ce, da damuwa a muryarta, “Wannan tun da ya zo bai ɗaga kai ba. Na kira shi da duk sunan girma da na sani, na sa an yi masa kirari, ya ƙi kulawa, kuma duk cikinsu shi na fi ƙauna.” Tunau ya tuna da banzar da ke wutsiyar sunan, ya saci kallon kututturan nan. Ya gyara murya irin ta fada ya ce, “Ya zaƙi mai daraja!” Shiru. Ya ce, “Ya zaƙin sarakuna, alayyafon gidan girma!” Ganye ɗaya ya karkaɗe ya faɗi ƙasa. Duk sunan da ya ƙawata sai tsiron ya ƙara langaɓewa, har ya ga in ya ƙara ɗaya zai kashe shi a tsaye.

Sai ya tuna da tsohuwar da ya baro ta juya fuska ga bango, ya ga ai ita ba ta tsaya lissafin ranta ba ranar da ta bi ta kafar ganuwa da shi a baya. Ya tattare riga ya tsuguna irin tsugunon da take yi, ya buɗe murya ya ce, “Kai zaƙi-banza, ɗan bakin juji, me kake yi a tukunyar mutane? Tashi mu tafi gida, tsohuwa na jira!” Fada ta ɗauki salati, takubba suka tashi sama, Tunau ya ji tafin ƙafarsa ya kafe a ƙasa, ɓawon itace ya soma hawa ƙwaurinsa, ya kai gwiwa, ya doshi ƙugu. Bai dubi ƙafarsa ba, tsiron yake kallo. Tsiron kuwa ya motsa, ya ɗaga kai, ya miƙe tsaye, ya yi kore shar, ya shiga karkarwa kamar mai ƙyaƙyata dariya, har saiwarsa ta fasa tukunyar zinariyar gida biyu.

Sarauniya ta ɗaga hannu, ɓawon ya tsaya a ƙirjinsa. Ta ce, “Kai bil'adama, ka zagi baƙona a gabana, ga shi kuma zagin ya warkar da shi. Warware mini wannan kafin hukunci ya ƙarasa.” Tunau ya ce, “Allah ya ja zamaninki, sunansa ke nan, ba ni na raɗa masa ba. Banzar da ke ciki ta kyauta ce, zaƙi ne da Ubangiji ya ba marar komai a banza. Ni ne na sa sankira ya faɗe ta da raini, shi ya sa suka yi fushi, kakata kuwa da ƙauna take faɗar ta. A wurinmu wanda aka riƙa a zuciya shi ake tsokana. Tsohuwar nan ba ta taɓa kirana da sunan kirki ba sai da ciwo ya ci ƙarfinta, kuma ranar da ta fara girmama ni ranar na san ina gab da rasa ta. In hukunci ya zama dole a ƙarasa shi, amma a ba akuyar nan ganyen ta kai mata.” Sarauniya ta dubi tsiron, ta dubi fasasshiyar tukunya, sai ta tuntsire da dariya har hawaye, ta ce, “Ashe duk shekarun nan da ladabi nake kashe shi!” Ta tafa hannu, ɓawon ya zube daga jikin Tunau kamar busasshiyar laka.

Ta yi umarni a kawo magirbin azurfa a haƙe masa su duka da saiwa, Tunau ya ce, “Ranki ya daɗe, ba a tuge su. Kan ake tsinka da farce a bar gindin, jibi ya sake tofowa ga mai zuwa baya.” Ya bi su yana tsinkar lallausan kai har ya cika gaban rigarsa, su kuma suna karkaɗe masa iri a cikin naɗin hannun riga da aljihu da gashin gemu. Sarauniya ta ce, “Sharaɗina ɗaya ne, ka bar musu wurin zama, gefen hanya da bayan danga da inda ake zubar da shara, don ka ga dai ba su iya zaman daula ba. Sauran aikin yaɗa su na jakadiyata ne da 'yan'uwanta awaki, kada ka tambaye ni ta yaya.” Ta kira guguwar nan, wannan karon fara sol, ta naɗe shi da akuyar, kafin ya ƙifta ido sai ga shi a tsakar gidansa da hantsi, ba rawani, ba takalmi, riga duk ƙasa.

Ya tarar da kuyangi sun yi jugum-jugum a ƙofar soro, suka ce tun jiya ko ruwa ba ta karɓa ba. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce a kawo tukunya da turmi. Sarkin Zairana da kansa ya hura wuta, hayaƙi ya sa shi hawaye, ya wanke ganyen ya dafa, ya tsame ya matse, ya daka ƙuli-ƙuli da barkono kaɗan, ya yanka albasa, ya barbaɗa gishiri, ya ɗiga man gyaɗa, ya cakuɗa da hannunsa a cikin ƙwarya. Ya shiga ya zauna a bakin gado, ya tallafo kanta, ta yi sakayau a hannunsa kamar ba mutum ba, ya ce, “Kaka, ga shi na kawo.” Ba ta motsa ba. Ya matso da ƙwaryar kusa da fuskarta, can sai ya ga hancinta ya buɗe, leɓenta ya yi rawa. Ya ɗebo 'yar loma ya sa mata a baki, ta daɗe tana mamula da dasashi, har ya ga maƙogwaronta ya motsa ta haɗiye.

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Wa ya kwaɗa wannan?” Ya ce, “Ni ne, Kaka.” Ta ce, “Ai na sani. Ba ka matse da kyau ba, gishiri kuma kamar da gayya. Ƙato har da gemu, gari guda na faɗuwa gabansa, kwaɗo ya gagare shi. Matso da ƙwaryar nan, ka wani riƙe ta kamar za a ƙwace maka.” Ta sa hannunta da kanta ta ɗebo ta biyu, ta ɗebo ta uku. Tunau ya sunkuyar da kai, kuka ya ƙwace masa irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Tsohuwa ta janye abincinta gefe, ta dafa kansa da hannun da ba ta ci da shi, ta ce, “Kai, kauce mini. Na ce gishiri ya yi yawa, kana ƙara wani.”

Hakama ta ga kakar wannan shekarar, ta ga wasu masu yawa a bayanta. Sarki ya sa aka ɓamɓare farin dutsen lunguna, ya watsa irin da ya zo da shi, ruwa ya sauka, ƙasar Zairana ta yi kore har gindin ganuwa, matan talakawa suka fito da ƙorensu suna tsinka suna waƙa. Allah ya ja kwanan tsofaffinmu cikin lafiya, ya ba mu haƙurin tambayarsu abin da ransu ke so.